Malamar asibiti ta ƙi allurar korona: akwai abin da suka sani suke ɓoye mana ne?

Wani bawan Allah ya rubuto min daga Kano. Ya ce ƙanwarsa ma'aikaciyar jinya ce, kuma lokacin korona tana cikin masu yi wa jama'a allura, amma ita kanta ta yi ta zillewa har kusan shekara guda, ita da wasu ƙawayenta na wurin aiki. Tun daga lokacin zuciyarsa ba ta ƙara kwanciya da kowace irin rigakafi ba, har ya soma jan ƙafa wajen kai ƙananan yaransa. Ga yadda ya rufe saƙon: "Ruwa ba ya tsami banza. In babu wani abu, me zai sa mai riƙe da sirinji ta guje shi?"

Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya, ba ka zauna ka yanke hukunci kai kaɗai ba. Na haura shekara ashirin ina aikin jinya, kuma a 2021 ina cikin waɗanda aka ɗora wa nauyin shawo kan abokan aiki su miƙa hannu a asibitin da nake. Irin ƙanwarka na zauna da su da yawa, wasu ma ni na koya musu ɗaura ƙarin ruwa.

Babu wani sirri. Ba a tara mu a ɗaki an raɗa mana wani abu game da allurar da aka hana ku ji ba. Abin da ƙanwarka ta sani game da yadda aka haɗa ta da yadda aka gwada ta bai wuce abin da kai ma za ka iya ji a rediyo ba. Makarantar koyon jinya tana koya mana kula da marar lafiya, ba da magani daidai, gane alamar haɗari kafin ta yi nisa. Ba ta zaunar da mu mu koyi tantance sakamakon gwajin da aka yi wa mutum dubu arba'in. Shi ya sa a ƙasashe da dama da aka bincika, an tarar ma'aikatan jinya sun fi likitoci ɗari-ɗari da allurar. Amma ka yi gaskiya, ruwan bai yi tsami banza ba. Sai dai abin da ya tsamar da shi daban ne da abin da kake zato.

Ka fara duba lokacin da abin ya zo. Ranar 2 ga Maris 2021 aka sauke allurar AstraZeneca kusan miliyan huɗu a Abuja, wadda aka haɗa a Indiya, ta hannun COVAX, shirin duniya na raba wa ƙasashe alluran korona. Ranar 5 ga wata aka fara da Dakta Cyprian Ngong a Babban Asibitin Ƙasa, washegari aka yi wa Shugaba Buhari da mataimakinsa Osinbajo a gaban kyamara. Tsarin shi ne ma'aikatan lafiya su ne sahun farko. Ba a yi mako guda ba, ranar 11 ga Maris, Denmak ta dakatar da wannan allurar saboda rahoton daskarewar jini. Ranar 15 Jamus da Faransa da Italiya suka bi sahu. Wato a daidai kwanakin da akwatunan sanyi ke isa jihohi, kowace nas tana gani a wayarta cewa Turawa sun ajiye abin da ake cewa ta zo ta karɓa. Kuma rahotannin farko sun fi shafar mata masu sauran ƙuruciya. To su wane ne suka cika ɗakunan jinya in ba su ba?

Matsalar gaskiya ce, ba ƙage ba. Wata irin daskarewar jini ce da ke zuwa tare da raguwar ƙwayoyin da ke tsayar da jini, kuma ta kashe mutane. Amma tana da wuyar aukuwa ƙwarai: a ƙididdigar Ingila, kusan mutum ɗaya cikin dubu hamsin ga 'yan ƙasa da shekara hamsin, ɗaya cikin dubu ɗari ga waɗanda suka haura. Jamus da Faransa da Italiya sun koma yin allurar cikin 'yan kwanaki. Labarin dakatarwa ya zaga kowace waya, labarin komawa kuwa bai samu mai yaɗa shi ba. Ingila ta ba matasanta zaɓin wata allurar daban. Mu ba mu da wata sai a watan Agusta, da Moderna miliyan huɗu ta iso daga Amurka. Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne, in har za a iya gano illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu hamsin a cikin 'yan makonni, a fito a faɗa wa duniya, to akwai masu sa ido na gaske. Amma ban taɓa ganin laifin yarinya 'yar shekara ashirin da takwas da ta ce bari ta ɗan jira ba. Waɗanda nake ganin laifinsu su ne manyan da suka riƙa cewa allurar ba ta da illa ko ɗaya. Babu maganin da ba shi da illa, har farasitamol, kuma nas ta san haka. Da ka faɗa mata abin da ta san ƙarya ne, sauran maganarka ta zube.

Abin da ya fi komai nauyi, wanda kuma ba a cika faɗa a gaban maza ba, shi ne haihuwa. Ka shiga ɗakin hutun ma'aikata a kowane asibiti ka duba: wannan amarya ce, waccan tana da ƙaramin ciki ba ta faɗa wa kowa ba tukuna, wata tana goyo, wata shekara biyar da aure tana ta neman haihuwa. Manyan gwaje-gwajen farko ba su sa masu juna biyu a ciki ba, kamar yadda aka saba yi da sabon magani. Saboda haka a watan Maris na 2021, in mai ciki ta tambaye ni ko an gwada a kan irinta, amsar gaskiya ita ce ba a yi ba tukuna. Wata ta taɓa ja na gefe bayan mun tashi daga taro, ta ce, "Anti, in na yi wannan allurar cikin nan ya zube, me zan ce wa uwar mijina?" Ba ta tambaye ni kimiyya ba. Ta san, kamar yadda na sani, cewa aƙalla ciki ɗaya cikin goma yana zubewa da kansa, ko da allura ko babu. Amma ta san kuma in nata ya faɗa cikin wannan ɗayan, babu wanda zai ce ƙaddara ce. Za a ce ita ta kai kanta, ta biye wa aikin asibiti. Mace a gidan aurenta ba ita kaɗai ke da ta cewa a kan jikinta ba, ko da kuwa farin kaya take sawa da safe.

Daga baya bayanai sun taru daga dubban mata masu ciki da suka yi allurar, kuma ba a ga ƙarin ɓari ko rashin haihuwa ba. Abin da aka gani shi ne ita cutar ce ke yi wa mai ciki mugun kamu, ta kai ta ga neman iskar oksijin, ko ta jawo haihuwar bakwaini. A watan Agusta 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fito fili ta ce masu ciki su yi. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi ta zillewa a wurinmu, a wannan tsakanin suka zo da ƙafarsu. Akwai kuma batun jinin al'ada. Mata sun yi ta cewa kwanakinsu sun ɗan gurgusa bayan allurar, aka yi ta ce musu tunani ne kawai. A 2022 bincike ya tabbatar da maganarsu: akwai ɗan jinkiri, a matsakaici bai kai kwana guda ba, kuma yana komawa daidai bayan wata ɗaya ko biyu. Abu ne marar haɗari. Amma macen da aka ƙaryata a kan abin da ta gani a jikinta, da wuya ta sake yarda da wanda ya ƙaryata ta.

Sai kuma tarihi, wanda kai ɗan Kano ba sai na ba ka labarinsa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara wajen ɗari biyu a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, rabinsu aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin daban. Yara goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Nas ɗin da ke da shekara talatin da biyar a 2021, tana 'yar shekara goma aka yi wannan. Ta girma tana jin sa a gida. Sai ga sunan wannan kamfanin a jikin ɗaya daga cikin alluran korona. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A Janairun 2021 gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya tsaya gaban jama'a ya ce allurar ta kisa ce, kuma da labarin Kano ya kafa hujja.

Ina ɗaukar abin da ya faru a 1996 da muhimmanci, kuma ba na son jin ana cewa a manta da shi. Amma abubuwan biyu ba ɗaya ba ne. Trovan magani ne da ba a gama tantancewa ba, aka ba yaran talakawa marasa lafiya a tsakiyar annoba. Alluran korona kuwa manya ne masu lafiya suka sa hannu da kansu aka gwada a kansu, fiye da mutum dubu arba'in a gwajin Pfizer kaɗai, mafi yawansu a Amurka. Da aka gama, ƙasashe masu kuɗi suka yi rububi suka saye, suka yi wa tsofaffinsu da likitocinsu, mu muna jiran ragowa. Zaluncin da aka yi wa Afirka a wannan karon shi ne hana ta. Har ta kai a Disamba 2021 sai da Najeriya ta lalata allura fiye da miliyan ɗaya a Abuja, domin an ba mu su kyauta ne dab da ƙarewar wa'adinsu. Abin da ake son cutar da kai da shi, ba a ɓoye maka shi a shanye a bar ka.

Mun kuma ga ƙarshen irin wannan tsoron. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da ɗigon shan inna, bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004, bayan an samo wanda aka haɗa a Indunusiya. Cikin wannan tsakanin cutar ta fantsama zuwa ƙasashe wajen ashirin, yara suka shanye waɗanda da yanzu suna tafiya da ƙafafunsu. Yaran da aka ɗiga wa a wancan lokacin kuwa, yau su ne ke zuwa mana awo, wasu da ciki na uku.

Akwai wani dalilin da ban taɓa ganin an rubuta shi a takardar wayar da kai ba, alhali shi na fi ji a bakin abokan aiki. A 2020, lokacin da kowa ke kulle a gida, mu muna fita. Akwai ranakun da nas ke sayen takunkumi da safar hannu da kuɗinta, ko ta wanke na jiya ta maimaita. Har zuwa lokacin, an yi shekara da shekaru alawus ɗin haɗari na ma'aikacin lafiya yana naira dubu biyar a wata. A farkon 2020 ɗin ma zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Kano. Sai ga shi rana ɗaya an zo da abu sabo fil, kyauta, ana cewa ku ne na farko don muna ji da ku. Wata ta ce min, "Ba su ba ni safar hannu ba, yau ni suka tuna? Zakaran gwajin dafi dai suke nema." Ban da amsar da zan ba ta a kan safar hannun, domin gaskiya ta faɗa. Abin da na ce mata shi ne fushinta yana kan hanya, amma ta sauke shi a inda bai dace ba: wanda ya hana ta safar hannu ba zai yi asarar komai ba in ta kwanta ciwo, mahaifiyarta mai ciwon suga da take komawa wurinta kullum ita ce a bakin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya wajen dubu 115 korona ta kashe daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021. Sa mu a sahun farko daidai ne. Waɗanda suka sa mu ne ba su tara amanar da za a yarda da su ba.

Wasu kuma ba tsoro ne ya hana su ba, gani suke ba su da bukata. Kano ta ga mace-mace a Afrilu da Mayun 2020, lokacin da masu haƙar kabari suka rasa hutu, aka yi ta rasa manyan malamai da dattawa. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma rabi ko fiye da haka ana alaƙanta su da korona. Amma zuwa 2021 abin ya lafa, kuma nas da yawa sun riga sun yi zazzaɓin da ya ɗauke musu jin ƙamshi, sun warke. A gabanta kullum maleriya ce ke kashe yara, zubar jini ke kashe masu haihuwa. Sai ta ce ai ta riga ta samu garkuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin kamuwa tana barin kariya, sai dai tana raguwa, kuma wanda ya haɗa ta da allura ya fi samun mai ƙarfi. Zan kuma faɗa maka abin da wasunmu ba sa son faɗa: allurar ba ta hana kamuwa da yaɗawa yadda aka yi fata da farko ba, musamman bayan zuwan nau'in Omikron. Babban amfaninta shi ne hana ciwon ya yi tsanani har ya kai ga mutuwa, kuma a wannan ta yi aiki sosai.

Kada ka raina ƙananan abubuwa ma. Allurar tana sa zazzaɓi da ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu, alamar jiki ya karɓa ke nan, amma wadda ke da aikin dare ita kaɗai da gadaje talatin ba za ta so ta shiga da rawar sanyi ba, kuma babu wanda ya ba ta hutu. Kwalba ɗaya ta mutum goma ce, in an buɗe dole a ƙarar cikin awa shida, don haka sai a ce ki jira mutane su taru, ita kuwa marar lafiya na jiranta. Da Indiya ta tsayar da fitar da allura saboda annobar ta rutsa da ita, aka umarci jihohi su daina yin ta farko da zarar sun ci rabin kasonsu, sai wasu suka ce to me ya sa zan fara abin da ban san ko zan samu cikonsa ba. Maganar da aka yaɗa cewa wai maganaɗisu na mannewa, kwan fitila kuma na kamawa a hannun da aka yi wa allurar kuwa, waɗanda suka yarda da ita cikin ma'aikata ba su da yawa. Wadda ta zuƙo rabin mililita da hannunta ta san babu ƙarfen da zai bi ta wannan tsinin.

Abin da na ga ya yi aiki a wurinmu ba shi da tsada. Mun daina tara mutane a babban ɗaki ana karanta musu takarda, muka koma zama da mutum huɗu ko biyar a ɗakin hutu, ƙofa a rufe, kowa ta faɗi abin da ke ranta. Muka riƙa faɗin illolin tun kafin a tambaya. Muka raba ma'aikatan kowane ɗaki kashi-kashi don kada zazzaɓi ya kama su rana ɗaya. Manyanmu suka naɗe hannun riga a gaban ƙanana. Ranar da wata likitar mata mai shayarwa ta yi tata, ta dawo bayan kwana biyu da jaririnta lafiya lau, ta yi mana abin da wata guda na bayani bai yi ba.

Tilas kuwa tana cika layi, wannan babu musu. Faransa ta wajabta wa ma'aikatan lafiya daga 15 ga Satumba 2021, ta dakatar da wajen dubu uku nan take, saura kusan duk suka yi. Ingila ta shirya irin haka, sai ta janye a farkon 2022 don gudun rasa ma'aikata. A nan gwamnatin tarayya ta ce daga 1 ga Disamba 2021 ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai da katin allura ko sakamakon gwaji, kuma da Saudiyya ta sa ta cikin sharuɗɗan Hajjin 2022, mutane da yawa da suka rantse ba za su yi ba sun yi. Amma a lokacin ne kuma aka yi ta samun rahoton sayar da kati ba tare da allura ba. Ni ban ga tilas ta sauya zuciyar kowa ba, kuma wadda aka yi wa dole ita ce za ta tsaya gaban uwa gobe tana yi mata bayanin rigakafin jaririnta.

A nan ne nake da tsauri a kan 'yan'uwana ma'aikata. Nas tana da haƙƙin ta yi tambaya, ta jira, har ta ƙi a kan jikinta. Ba ta da haƙƙin ta sunkuya ta ce wa marar lafiya ko maƙwabciya, "Ni dai ban yi ba." Kalma ɗaya daga bakin malamar asibiti ta fi sanarwar rediyo goma nauyi a unguwa, domin mutane suna ɗauka da ilimi take magana, alhali a wannan gaɓar tsoronta ne ke magana. Wasiƙarka ma shaida ce: jinkirin mutum ɗaya ya kai har ga katin yaranka.

Su kuwa alluran yara, Malam, don Allah ka raba su da wannan rigimar. Ba sababbi ba ne. Lambar da ake yi wa jariri a hannu ta tarin fuka tun 1921 ake yin ta, ta ƙyanda tun 1963. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a ƙasar nan, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma akasarinsu yara ne da ba a yi musu rigakafi ba ko ba a kammala ba. Na ga yaro yana neman numfashi da wannan cutar, ba na fatan ka gani. Kariyarta tana cikin allurar da ake yi a sati shida, da sati goma, da sati goma sha huɗu. A wata tara a yi ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, a wata goma sha biyar a maimaita ta ƙyanda, duk kyauta a asibitin gwamnati. In an tsallake wata, ba sai an koma farko ba, daga inda aka tsaya ake ci gaba.

Ka samu ƙanwarka ku biyu, ba a gaban mutane ba, ka tambaye ta a hankali me ya tsayar da ita a lokacin, kuma me ya sa daga baya ta yi. Ina kyautata zaton za ka ji ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa, wataƙila ma akwai cikin da ba ta faɗa muku ba a wancan watan. Sannan ka ce ta nuna maka katin rigakafin nata yaran, ka miƙa mata na naka ta duba maka waɗanda suka rage, ta faɗa maka ranar da ake yi a asibitin da ya fi kusa da ku.